Ɗaki Uku da Muryar Gwaggo Tasalla

Zazzaɓi ya kwantar da ni bayan azahar a kan tarin soson da na sayo don in liƙa a bangon situdiyona. Wata takwas ke nan ina gyaran ɗakin domin in ɗauki waƙoƙin niƙa na Gwaggo Tasalla, wadda ta raine ni. Duk sa'ad da ta aiko daga Bakori, sai in ce ɗakin bai yi ba tukuna. Idona ya yi nauyi.

Sai ga ni a wani gari da ba kowa, ɗakuna ne kawai suna numfashi. Wani tsohon magini, gemunsa duk siminti, ya kama hannuna.

"Wane irin ɗaki kake nema, samari?"

"Wanda ba ya yi wa murya ƙarya, Baba."

Ya shigar da ni ɗaki na farko. Tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk ƙafa goma-goma. Na yi sallama, bangaye suka cafe ta suna jefa wa juna, har ta kumbura ta zama gurnani, ta taru a kusurwa kamar ruwan kwata.

"Ko'ina daidai ne," in ji maginin, "shi ya sa kansa kawai yake ji."

Ƙasa ta zame da mu zuwa na biyu, soso sama da ƙasa. Na tafa hannu, ban ji komai ba. Wani soso ya raɗa mini, "Mu ba ma mayarwa." Na matsa shi, muryoyin mutanen da na sani suka ɗiga a yatsuna, da sanyi.

Na uku tsawonsa ya fi faɗinsa, bangonsa ya ɗan karkata, tabarmi a rataye, buhunan auduga a kowace kusurwa. Numfashina ma daɗin ji ya yi. A tsakiya Gwaggo ce durƙushe gaban dutsen niƙa, makirfon ɗaukar murya na tsaye a kanta da ƙafa ɗaya kamar zalɓe. Bakinta na motsi, gari na zuba, waƙa ba ta fita.

"Gwaggo, ɗaga murya, ga ɗakin ya samu!"

Ta dube ni da murmushi. "Sallau, ɗan nan, tun da damina na kawo maka ita. Ka ce in koma da ita."

"Saura kaɗan ne a lokacin, wallahi."

Maginin ya matso kusa da Gwaggo. Ya zaro karan dawa, ya gwada ta daga kai zuwa ƙafa, ya karya abin da ya yi saura.

"Wannan awon," in ji shi, "ba a sake shi."

Na kai hannu zan fizge karan, sai na ji ana jijjiga kafaɗata. Matata Lantana ce, mayafinta a hannu.

"Tashi, an bugo daga Bakori. Gwaggo ta daina magana tun safe, ƙofa kawai take kallo."