Zurfin Ciki Gaba Goma Sha Biyu

Jiya bayan Azahar na ɗan kishingiɗa, sai ga wani mafarki. Dama wata huɗu ke nan cikina yana murɗawa, har da jini. Likita ya rubuta mini takardar gwajin da ake zura na'ura ta maƙogwaro, na ninke ta na cusa cikin hula. Ko matata Tasalla ban gaya wa ba.

To, wai ga ni a asibiti, layi yana tafiya da baya. Wanda ya fi daɗewa shi ne a bakin titi. Wata akuya mai tabarau ta karɓi takardata, ta taune, ta ce, "Ta shiga fayil."

Sai ga ni kwance. Babu likita, wai ya tafi taron koyon zama kusa da majiyyaci. Na'urar ce kaɗai, doguwa kamar tiyon ban ruwa, da fitila a goshi da ɗan hantsakin tsinko tsoka. Ta tsaya a bakina ta ce, "Salamu alaikum, masu ciki!"

Na ce, "Ke, shiga mana!"

"Ba a amsa ba, Malam Nomau. Ni 'yar mutunci ce."

Sai da hanjina ya yi mata iso sannan ta tuɓe takalmi ta shiga.

Tana ta tafiya, tana ta tafiya. Can na jiyo muryarta kamar daga rijiya: "Kai! Wannan zurfin ciki naka gaba goma sha biyu ne!"

Ta fito da 'yar tsoka ta ajiye a faranti. Akuya ta zungure ta da biro, tsokar ta ce, "Lafiya lau." Ta sake zungura, ta ce, "Ba komai."

"Ga matsalar," in ji na'ura. "Kowa ya tambaye ka, wannan amsar kake ba shi. Ta yi tsiro ta rufe ainihin ciwon. Gyambo ne a ƙasa ko sankara, oho, fitilata ba ta gani."

Wallahi tsoro ya kama ni. Na ce, "To a tsinke ta mana!"

"Hantsaki ba ya kama ta. Mai ita ke cirewa."

Kwararam! Murfin tukunya ya faɗi a tsakar gida, na farka. Tasalla ta leƙo da ludayi a hannu.

"Malam, lafiya? Sai juyi kake kana dafe ciki."

"Lafiya lau" ta taso har leɓena. Na cije ta, na cire hula na miƙa mata takardar.

"Ba lafiya ba, Tasalla. Zauna."