Karfasa a Basan ɗin Ghali

Ghali ya ba ni wa'adi zuwa Jumma'a. Ya ce in kifin nan bai warke ba zai zare toshiyar basan, ruwa ya tafi, kifi ya tafi, ni ma in kama gabana.

Basan ɗin nasa ne, wani babban kwarmin siminti da yake tara ruwan rijiya don ban-ruwan lambunsa a bayan garin Tamanrasset, a ƙasar Aljeriya. Ni na lallashe shi har ya bar ni na zuba karfasa a ciki. Na yi fataucin banda a bakin tafkin Chadi tun ina saurayi, kuma na ga yadda mutanenmu a kasuwar Assihar ke rububin busasshen kifin da ya sha hanya har ya koma kamar katako. Na ce a raina, namu za mu kiwata.

Duk sanyin bana basan a lulluɓe yake da leda. Kifi suka tsira, suka yi ƙiba, in ka fasa ciki sai farin kitse. Da zafi ya fara shigowa, sai matan kifin suka daina ci. In watsa dusa, su ja gefe, baki gam, maƙoshi a kumbure, kullum ramewa suke.

"Ciwo ne, Ɗantani," in ji Ghali. "Da ruwan nan nake shayar da tumatir. Jikokina ke ci."

Matata Barira ma ta bi bayansa. "Malam, kwaso su mu yi banda tun da sauran nama a jikinsu."

Na ce ba a taɓa ko ɗaya.

'Yata Zuhura tana jami'a. Tun da muka fara kiwon, kowane sauyin yanayi takan zo da allura ta ɗibi jini a gindin wutsiyar kifi don karatunta. Ghali na kiranta likitar marasa kuka. Ranar Laraba ta zo da abin da ta gano.

"Baba, kafin zafi kitsen da ke cikin jininsu ya hau sosai, yanzu ya faɗi. Kuma a matan ne. Wane irin ciwo ne zai tsallake maza?"

"To ina kitsen ya tafi?"

"Ina zaton ƙwai suka yi da shi. Amma na duba basan kaf, ban ga ƙwai ba."

Sai na tuna wani tsohon masunci a Bosso, can bakin tafkin Chadi. In ya kama ramammiyar karfasa, yakan buɗe bakinta cikin ruwa ya girgiza kafin ya jefa ta cikin kwalekwale. Ni lokacin mataccen kifi ne sana'ata, ban taɓa tambayarsa dalili ba.

Da aka sauko Jumma'a muka tarar da Ghali tsugune a bakin toshiya, ya naɗe hannun riga. Zuhura ta fara yi masa bayani, ya ɗaga hannu.

"'Yata, Allah ya yi albarka. Amma ban iya ganin jini ba, rama nake gani."

Na tuɓe riga na shiga ruwa da komar kamun kifi. Na kamo ɗaya, na buɗe bakinta a kan kwano. Babu komai.

"Fito, tsoho, kar ka sha sanyi a banza," in ji Ghali. Har ya kama igiyar toshiya.

"Saki igiyar nan. La'asar ba ta yi ba, Jumma'a ba ta ƙare ba."

Na bar masu yawo a tsakiya, na lallaɓa lungu inda wata ta maƙale, ta fi kowa rama. Na tallabo ta, na danna leɓenta da babban yatsa cikin ruwan kwano. Sai ga su suna zubowa, 'ya'ya ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, baƙaƙen idanu, suna wutsil-wutsil.

Zuhura ta yi ihu. Ghali ya saki igiya, ya sauke rawani daga hancinsa, ya leƙa kwanon ya daɗe.

"Wato azumi take da 'ya'ya a baki?"

"Da kitsenta take riƙe da su," in ji Zuhura.

Ya miƙe ya karkaɗe wandonsa. "Gobe ka zo da gidan sauron Barira mu ɗaure bakin bututun ban-ruwa. Ban yarda jikokinka su bi ruwa su shiga tumatirina ba."