Azumin Garzali a Stirling

Lokacin da Haulat ta kwana biyu tana naƙuda a wani asibiti a Kano, mijinta Garzali yana Doha, zaune cikin motar kafil ɗinsa, wato maigidan da yake yi wa tuƙi, a ƙofar gida a unguwar Mu'aither, waya a hannu, fuska shaɓe-shaɓe da hawaye. A nan ya ɗaga hannu ya yi bakance: idan Allah Ya sauke ta lafiya, zai yi azumi kwana uku a jere, babu tsallake. Allah Ya sauke ta lafiya, aka sami 'ya mace, aka raɗa mata suna Rahma. Saura Garzali ya cika nasa.

To, Rahma ta yi zama, ta yi rarrafe, har ta fitar da haƙora biyu, azumi bai samu ba. Sanyi ya zo ya wuce, Garzali ya ce aiki ya yi masa yawa. Ramadan ya kama, ya ce ai ba a cakuɗa farilla da bakance, kuma a nan kam ya faɗi gaskiya. Bayan salla zafi ya sauko, irin zafin Doha da in ka buɗe ƙofar mota sai ka ji kamar an buɗe maka tanda. Kowace Juma'a Haulat sai ta tambaye shi a waya, "Baban Rahma, ya maganar nan?" Shi kuma sai ya ce, "Tana raina, Maman Rahma." Lallai tana ransa, don dai ba ta taɓa kaiwa cikinsa ba.

Ana haka maigidansa ya ce bana Scotland za su je hutun bazara, wani ƙaramin tsohon birni wai shi Stirling, kuma da Garzali za a tafi. Ranar Juma'a bayan masallaci ya garzaya Al Muntazah, gidan abincin da suke haɗuwa da abokinsa Mashud, ɗan Zangon Kumasi mai aikin gadi. Ko zama bai gama yi ba ya fara bayani.

"Mashud, ka san abin da ake kira basira? Garin nan da za mu, a watan Yuli mutane rigar sanyi suke sawa. Kullum ruwan sama. Ko ƙishi ba a ji. Can zan yi azumin bakancen nan, kwana uku kamar wasa."

Mashud ya ɗago daga kan shinkafarsa. "Massa, wato Allah za ka yi wa wayo?"

"Wane irin wayo kuma? Addini sauƙi ne."

"To Allah Ya ba da sauƙin. Ka kawo mini tsaraba."

Da suka sauka, abin farko da Garzali ya gano shi ne ba tuƙi aka kawo shi yi ba. A ƙasar ta hannun hagu ake bi, saboda haka maigida ya ɗauki direba ɗan gari. Mutumin da ya shekara goma sha ɗaya riƙe da sitiyari sai ga shi a kujerar baya, an ɗora masa jakar madam da lema uku. Garin kuwa ba laifi: tituna na dutse masu hawa da gangara, gidaje masu launin toka, can sama kuma wata tsohuwar fadar sarakuna zaune a kan dutse. Garzali ya ga Turawa sun yi layi cikin yayyafi don kallon tsohon gini, ya ce a ransa ashe da Kanawa sun san haka da ba su bari badala ta zube ba.

Abu na biyu da ya gano, a daren da zai ɗauki niyya ne, da ya duba jadawalin salla na garin. Asuba kafin ƙarfe uku. Magariba wajen ƙarfe goma. Ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa, ya samu awa goma sha tara. Ya goge fuskar wayar da bakin rigarsa ko datti ne, lissafi bai canja ba. Duk basirar nan tasa, sanyi kawai ya tambaya, bai tambayi tsawon yini ba.

Amma ya riga ya gaya wa Haulat, ya gaya wa Mashud, don haka ya ɗauka. Ranar farko ƙishi bai dame shi ba, a nan hasashensa ya yi daidai. Yunwa ce ta yi masa dukan kawo wuƙa. Yaran maigida suka cika mota da ƙamshin soyayyen kifi da dankali, shi yana kallon taga. Ƙarfe bakwai rana tana sama, ƙarfe takwas tana nan, ƙarfe tara ko alamar gajiya ba ta yi ba. Wallahi bai taɓa jin haushin wata halitta ba kamar yadda ya ji haushin ranar Scotland.

Rana ta biyu aka shiga fadar. Ya tura keken yaro a kan duwatsu, ya ɗauki hoton iyalin maigida a gaban kowace igwa. Mai yi musu jagora tana ta zuba labarin sarakunan da suka mutu shekaru ɗaruruwa, Garzali yana gyaɗa kai kamar ya san kakanninsu. Aka gangara tsohon madafin fadar, inda aka jera mutum-mutumin masu girki da burodin ƙarya a kan tebur. Abin kunya, har burodin ƙaryar sai da ya sa shi haɗiyar yawu. Duk da haka ya kai magariba, ya sha ruwa. Biyu sun tafi, saura ɗaya.

Rana ta uku maigida ya yi abin kirki, ya ce masa, "Yalla, yau taka ce, je ka ga gari." Mai hankali da ya koma ɗaki ya kwanta. Garzali kuwa ya ce ba zai zo har Turai ya koma ba hoton kansa ba. Ya sayi ruwan gora da ɗan dabino na buɗa-baki, ya cusa a aljihun rigar sanyi, ya nufi wata doguwar hasumiya da ke kan tudu a bayan gari. Matakalarta ta haura ɗari biyu, a murɗe, matsattsiya. Ya hau yana haki, tsofaffin Turawa masu furfura suna ba shi hanya suna kuma wuce shi.

Ya isa ƙololuwa wajen huɗu da rabi, idanu suna ganin bibbiyu. Iska tana kaɗawa, ga kogi can ƙasa yana lanƙwasa cikin koren fili. Sai kiran salla ya tashi daga aljihunsa. Kwana biyun baya wayar a kashe take da sauti saboda yana gaban maigida, yau ya buɗe ta, kuma manhajar sallarsa har yanzu lokacin Doha take bi. A Doha magariba ta yi.

Nan take Garzali ya zama babban malami. Ya ce ai a Doha ya yi bakancen. A Doha yake zaune, takardun zamansa ma na Doha ne. Shi nan baƙo ne, me ya haɗa shi da ranar mutane? Bai taɓa yanke fatawa da sauri irin haka ba. Ya buɗe gora, ya juya wa rana baya, ya shanye tas. Sannan ya aika wa Haulat saƙon murya: "Alhamdu lillahi, Maman Rahma, an sauke nauyi."

Sun dawo Doha farkon Agusta. Ya kai wa Mashud kwalin biskit, ya ba shi labari yana dariya, don yana son wani ya taya shi yarda.

"Lokacin da ka sha, rana tana ina?" in ji Mashud.

"Da ɗan saura."

"Saura nawa?"

"Kamar awa biyar."

Mashud ya yi dariya har ya ƙware. "Massa, wannan ba buɗa-baki ba ne, abincin rana ka ci."

Dariyar Mashud ba ta hana shi barci ba. Saƙon da Haulat ta aiko washegari ne ya hana shi. Ta ce ta soya waina ta raba wa maƙwabta sadaka. Ta ce wata tara ke nan duk sanda jikin Rahma ya yi zafi sai gabanta ya faɗi, ta ce ko alkawarin da ba a cika ba ne, amma ba ta son ta matsa masa. "Yanzu kam hankalina ya kwanta, Baban Rahma. Allah Ya saka maka." Ya saurari saƙon sau uku, kunya ta rufe shi, ya ji ya tsani kansa.

Ranar Litinin da azahar yana tsaye a filin ajiye motoci na kasuwar Al Wakrah yana jiran madam. Allon mota ya nuna zafi arba'in da bakwai. Leɓɓansa sun bushe, harshensa ya manne da ganɗa. Waya ta yi ƙara, Haulat ce, ana jiyo gwarancin Rahma a bayanta.

"Baban Rahma, ya na ji muryarka haka? Ka ci abinci kuwa?"

Yana iya cewa mura ce. Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya kasa.

"Azumi nake yi, Maman Rahma."

"Azumin me kuma?"

"Na bakancen. Yau ne na ɗaya."