Ruwan Kifayen Abu Ziyad

Tun da ɓarin jikin Abu Ziyad ya shanye, ba abin da yake so kamar a zaunar da shi a bakin ƙaramin kududdufin da ya gina a ƙarƙashin wata bishiyar rumman a lambunsa, can bayan garin Jazzin, yana kallon jajayen kifayensa. Matarsa Wadi'a ce ke tura kekensa kowace safiya.

Da sanyi ya fara shigowa, sai ruwan ya rine kamar shayin da aka manta a kan wuta. Kifayen suna ciki, amma ba a ganinsu. Wadi'a ta kwashe rabin ruwan ta zuba sabo, kwana uku ya koma yadda yake. Daga nan Abu Ziyad ya daina yarda a fitar da shi. Sai dai ya juya fuska bango.

Ranar Asabar ƙanin Wadi'a, Nakhle, ya zo, wanda ya yi shekara talatin yana gyaran famfo. Ya naɗe wando ya shiga ruwan yana lalube, ya fito da ɓawon rumman baƙi ƙirin da ruɓaɓɓen ganye, har bokiti biyu.

"Yaya, wannan ba datti ba ne, rini ne," in ji shi. "Bishiyarki ce ke dafa musu shayi."

"To in sare ta? Shi ya shuka ta fa."

"Wa ya ce ki sare? Gawayi za mu sa."

"Gawayi? Kai dai tun kana yaro ba ka da kai. Ruwa ya yi duhu, ka ce a ƙara masa baƙi?"

Nakhle ya yi dariya. Ya ce ba na gashin nama ba ne, wani ne na musamman da masu sayar da kayan kifi ke ajiyewa, yana tsotse launi. Ya sauka kasuwa ya sayo, ya ɗauraye shi, ya ƙulla a jakar raga ya cusa cikin matatar injin da ke juya ruwan kududdufin. Sannan suka shimfiɗa taru a ƙarƙashin rassan don ya tare abin da ke faɗowa.

Kwana biyu Wadi'a ba ta ga canji ba, har ta kira Nakhle a waya ta yi masa tas. A rana ta biyar ta leƙa, ta hango duwatsun ƙasa, ga kifaye bakwai suna kewayawa.

Ba ta tambayi mijinta ba, ta lulluɓe shi da bargo ta turo shi waje. Ya daɗe yana kallo. Can ya buɗe baki da ƙyar.

"Sun rame."

"Ka ji mutum. Sannun da za ka yi mini ke nan?"

Ya miƙo hannunsa mai lafiya, ta zuba masa abincin kifi a tafi. Rabi ya zube a kan bargon, rabi ya kai ruwa. Ta bar shi yana fama, ta shiga ɗora gahawa.