Sai Oga Ya Iso

Mashkura ta sake zura tef ɗin awo a gefen tankin robar, ta karanta lambar sau biyu. Mita ɗaya da santimita ashirin. Da ƙarfe tara, lokacin da Malam Lawal ya kawo bulullukan ƙanƙarar daga masana'antarsa ta Idu ya jera su a ciki, mita ɗaya da rabi ne cif. Yanzu sha ɗaya da rabi, ruwa na tsiyaya ta ƙasan tankin yana bin simintin harabar ma'aikatar, har ya kai ƙafafun kujerun da aka jera wa manyan baƙi.

"Injiniya," in ji Malam Lawal yana ƙara lulluɓa buhu a saman, "ni dai na gaya miki. Ƙanƙara ba ruwanta da babban mutum. A zafin nan na Maris, in kika ƙara awa ɗaya, sai dai ki yi wanka."

Mashkura ta juya ta dubi na'urar da ke kwance kan tebur. Tsawonta bai wuce damtse ba, kanta na tagulla ne mai ɗaukar zafi, kuma aikinta ɗaya: ta narka ƙanƙara ta nutsa a hankali, tana aiko da bayanin abin da ta tarar. Abokan aiki sun sa mata suna Gafiya don tsokana, sunan ya bi ta. Shekara uku Mashkura ta yi tana haɗa ta, tana tasowa daga Kubwa bayan asuba a motar haya, tana komawa da ƙunar dalma a yatsu.

Saboda wani wata ta yi ta, ɗaya daga cikin masu kewaya duniyar Jupiter, wanda ake kira Europa. Ƙanƙara ce ta lulluɓe shi kaf, masana kuma suna kyautata zaton akwai teku a ƙarƙashinta, watakila har da wani abu mai rai. Mutum ba zai je ba, sai na'ura. Wani gungun jami'o'in waje na neman ƙirar da za a ci gaba da gwadawa, kuma Gafiya ta shiga cikin shida na ƙarshe. Yau alƙalansu za su kalli gwajin kai tsaye ta bidiyo, daga sha biyu zuwa ɗaya, ba ƙari. Sharaɗinsu kaurin ƙanƙara kada ya gaza mita ɗaya. Gafiya kuma tana buƙatar minti arba'in. Wanda ya ci, zai tafi da na'urarsa ya yi wata shida a ɗakin gwajinsu.

Sai dai an ɗaura jan ƙyalle a jikin tankin, an ajiye almakashi a kan faranti. A bayan rumfa an kafa allo mai hoton Darakta da na watan Europa, fuskarsa ta fi watan girma sau uku. A wannan ma'aikata ko famfo aka gyara, ba a murɗa shi sai Oga ya zo ya murɗa.

"Zacharias, ina yake?" ta tambayi jami'in tsare-tsaren ofishin Darakta, wanda ke yawo da waya biyu a hannu.

"Madam, Oga yana hanya."

"Tun ƙarfe goma yake hanya."

"Ya tsaya gaisuwar mutuwa a Maitama. Yanzu-yanzu za shi taso." Ya share gumi. "Ki yi haƙuri, ba wanda zai taɓa wannan abu kafin Oga. Shi zai danna maɓallin kunnawa. An riga an rubuta a jawabi."

Sha biyu daidai fuskokin alƙalai huɗu suka bayyana a kwamfutarta. Wata dattijuwa mai farin gashi ta gaishe ta, ta ce a nuna musu awon. Mita ɗaya da santimita tara. Dattijuwar ta ce to, bismillah, in ta shirya. Mashkura ta roƙi minti goma, ta ce akwai ɗan abin da take dubawa. Kunyar ƙaryar ta kama ta har wuya.

Ta san lissafin sarai. Idan ta jira, ƙanƙara ta tafi, shekara ukunta ta bi ta. Idan ta danna, takardar izinin tafiyarta hannu ɗaya ne ke sa mata, kuma hannun ne ya kamata ya riƙe almakashin can. Ma'aikata sun cika kujeru suna fifita da takardar shirin taro. Ba wanda ya dube ta. Kowa ya san abin da ke faruwa, kowa kuma yana da 'ya'ya.

Sha biyu da kwata ta sake awo. Mita ɗaya da huɗu.

"Zacharias, don girman Allah, kira shi ka ce ya ba ni izini ta waya."

"Ni in kira Oga a wurin gaisuwa? Madam, kina so a kore ni?"

Ta ɗauki Gafiya, ta hau benci, ta ɗaga jan ƙyallen da hannu ɗaya ba tare da ta kwance shi ba, ta dasa kan tagullar a tsakiyar ƙanƙarar. Zacharias ya yi ihu, "Madam! Madam!" Ta sauko ta danna.

Wurin ya yi tsit, sai ƙarar janareta. Gafiya ta fara nutsewa, igiyarta na bin ta a hankali, lambobi na hawa a kwamfuta. Malam Lawal ya tsuguna gefe yana ta salati, kamar wanda matarsa ke ɗakin haihuwa. Minti talatin da takwas na'urar ta faɗa cikin ruwan da ke ƙasan tankin, ta aiko da zafinsa da gishirinsa. Mutanen cikin kwamfutar suka tafa. Dattijuwar ta ce ba ta taɓa ganin wadda ta sauka a miƙe haka ba, kuma sakamako zai fito kafin a tashi aiki. A harabar, Malam Lawal kaɗai ya tafa.

Ƙarfe biyu da rabi jiniya ta shigo. Darakta ya fito cikin babbar riga, ya tsallake ruwa, ya leƙa tankin ya ga rami. Zacharias ya raɗa masa magana a kunne. Bai ɓata rai ba. Ya yanka ƙyallen, ya karanta jawabinsa duka, har da wurin da ya ce yanzu zai danna, aka tafa. Da zai wuce ya yi mata murmushi ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Injiniya."

Saƙon ya shigo bayan la'asar: an zaɓi Gafiya. Tana cikin karanta shi a karo na uku Zacharias ya turo ƙofar ɗakin aikinta, da takardu biyu. Ta farko tuhuma ce, ta bayyana cikin awa ashirin da huɗu dalilin da ya sa ta fara taron hukuma ba da izini ba. Ta biyu ta ce na'urar kayan ma'aikata ce, Darakta ne zai jagoranci tafiyar, Zacharias zai raka shi a matsayin mai kula da ita. Ma'aikacin da ke da tuhuma a kansa ba ya fita ƙasar waje.

"Wallahi ba ni na nema ba," in ji Zacharias, idonsa a ƙasa. "Oga ya ce ki rubuta mini yadda ake kunna shi. Komai da komai. Kafin ki tashi."

Ya fita. Ta zauna. Ta jawo takarda ta fara jerowa, ɗaya, biyu, uku. A na bakwai ta tsaya.

Akwai wani zoben roba a wuyan Gafiya, irin na famfon burtsatse, wanda zafi ke cinyewa. Duk gwaji sai an canza shi, in ba haka ba ruwa ya shiga, na'urar ta ƙone cikin minti biyar. Babu shi a kowane zane, ita kaɗai ta sani. In ta tsallake layin nan, a gaban dattijuwar can Gafiya za ta mutu a hannunsu, kowa ya gane wanda aka bari a gida.

Ta daɗe tana kallon Gafiya, da sauran danshi a kanta. Sannan ta rubuta na bakwai da manyan baƙaƙe, ta ja masa layi biyu. Ta buɗe jakarta ta fito da zobba goma sha ɗaya da suka rage mata, ta ƙulle su a leda, ta manna a jikin takardar.