Ranar da Aka Biya Ni da Ƙanƙara

Wani mafarki na yi jiya da dare, har yanzu ina ta juya shi a raina.

Wai ga ni a rumbun da muke tankaɗe riɗi, wanda ake lodawa a kai ƙasashen waje. Rana ta take, kuma ranar biya ce. Mai biyan kuwa wata zabuwa ce da tabarau. Ta turo mini ƙanƙara mai girman bulo, naɗe a buhu.

"Ladanka na mako ke nan, Sallau."

"Hajiya, ai wancan makon bulo biyu ne."

"Akwai wani a bayan teku da ke yin aikinka a kan rabin bulo. Ka gode wa Allah."

Na gode masa. Na saɓa buhun a kafaɗa na nufi kasuwa, don matata Tasalla jego take yi, kuma babu ƙwayar gero a gidan da za a dama mata kunu.

To ni ban iya wuce mutum ba gaisuwa. Na tsaya wajen Baba Mati mai faci, na tambayi gida, na tambayi ƙafarsa, na tambayi jikokinsa ɗaya bayan ɗaya. Ruwa na bin bayana yana shiga wando.

"Ɗan nan, ladanka fa zuba yake," in ji shi.

"Bari dai mu ƙarasa gaisawa, Baba."

Sai ga ni a kasuwa. Kwanukan gero duk sun yi ƙafafu suna hawa wata doguwar giginya, masu saye na ta tsalle a ƙasa. Na tambayi mai geron abin da ya kore su.

"Wani ne ya yi atishawa a wata ƙasa mai mai," ya ce. "Da sun ji sai su ƙara sama."

"Suna saukowa kuwa?"

"Tsallaka titi ka gani."

A tsallaken titi komai sauka yake yi. Kwanon gero na nutsewa cikin ƙasa a hankali, mutane sun kewaye shi sun harɗe hannuwa, ba mai saye. Wata tsohuwa ta riƙe mini riga.

"Kada ka saya, jikana, gobe ya fi araha."

Ta ce shekararta uku tana jira. Mai geron wannan tsallaken kuwa kuka yake, ya sallami ma'aikatansa kaf.

Can gefe na hangi wani mutum, ba irin fatarmu ba, hannunsa duk ƙurar riɗi kamar nawa. Rabin bulo ne a kansa, yana ɗiga.

"Kai ne na bayan teku?" na ce.

"Ni ne. Ni kuma ce mini aka yi kai ka yarda da kwata."

Abin ya ɗaure mana kai. Muka zauna muka gaisa sosai, har na tambayi mahaifiyarsa.

Da na tuna da Tasalla na buɗe buhun, abin da ya rage bai fi goro ba. Mai geron ya share hawaye, ya ɗora shi a harshe, ya zuba mini gero cikin tafin hannu guda.

A gida Tasalla ta dubi hannun, jaririya na kafaɗarta.

"Na mako gudan ke nan, Malam?"

"Ki yi haƙuri, gaisuwa na tsaya."

"Ko da gudu ka je, hannu biyu kawai za ka cika. Zuba a tukunya."

Ina shirin tambayarta yadda aka yi ta sani, sai injin markaɗen maƙwabtanmu ya tashi, na buɗe ido.