Abin da Ke Ƙarƙashin Fatar

Hambali mai shago a Concourse Village bai san komai game da bindiga ba, amma tunda yana Amurka, mutanen garinsu a gefen Dakwaro sun ɗauka babu abin da zai gagare shi samowa. Shi ya sa wansa Abdul-Jalil ya turo masa hotunan bindigar farautar marigayi babansu. Allurar da ke dukan harsashi ta ɓace daga cikin sakatar bindigar, ga gadu na ɓarna a gona, ga kaka ta matso.

Ranar Asabar da hantsi Hambali ya nuna wa Sumani hotunan. Sumani tsohon sojan Gana ne, shekara ashirin yana gyaran makamai, yanzu kuwa gadin wani gini yake yi, yana kuma shan shayin Hambali kyauta.

"Bolt action ne, tsoho," in ji Sumani. "Amma ba ka order part sai ka san sunan bindiga. Suna na nan, under wannan fata."

Ya dangwala yatsa a kan hoton jar fatar da ta naɗe tsakiyar bindigar. Baba ne ya ɗinke ta da hannunsa shekara goma kafin ya rasu, ya ce kada kowa ya kwance. A shekarun nan ne kuma ya daina kawo nama. Zai rataya bindiga ya shiga daji, ya dawo hannu rabbana, ya ce ido ne ya yi rauni. Har waƙar zolaya matan gari suka yi masa, Hambali ma ya taɓa dariya.

Suka kira Abdul-Jalil ta bidiyo.

"Yaya, sai an yanke fatar," in ji Hambali.

"Ɗinkin Baba?" in ji Abdul-Jalil. "Bon, to. Ka jira, in ɗauko reza."

Hambali ya ji ɓarkewar kowane zare a ransa. Fatar ta buɗe, Abdul-Jalil ya goge ƙarfen da bakin riga, haruffa da lambobi suka fito. Sumani ya karanta, ya ce ta sojan Faransa ce aka mayar ta farauta. Kafin shayinsa ya huce ya samo allurar a intanet, ga hotonta ɓaro-ɓaro.

"Alhamdu lillahi," in ji Abdul-Jalil. "Jibi-jibi in ta zo, gadu sun shiga uku."

"Tsaya," in ji Sumani. "Juya shi, kawo kusa da camera."

A ɗaya gefen, daidai inda sakata ke kullewa, tsaga ce siririya kamar gashi, tsawon ɗan yatsa.

Sumani ya cire tabarau. "Wanda ya harba wannan, sakata zai dawo a fuskanshi. Allura bai ɓata ba, ɗan'uwa. Allura ba ya faɗuwa da kanshi, sai mutum ya warware ya cire."

Wata mata ta shigo neman garin rogo, Hambali ya nuna mata da hannu. Kunya ta kama shi, ta dariyar nan da ya yi yana saurayi.

"Ashe idon Baba lafiya lau," Abdul-Jalil ya faɗa a hankali.

Hambali ya rufe shafin allurar.

"Yaya, kada ka yar da fatar. Ka nemi zare, ka bi ramukan da Baba ya huda."